Duƙushin Babanku Na Cikin Waya

Da sunan Allah nake buɗe wannan babi, kuma ina roƙon Ya ba ni ƙarfin kai shi ƙarshe, don sau uku ina fara shi ina yaga takardar. Nura da Kabiru, da ku nake. Kun daɗe kuna faɗa a bayan idona cewa wasan waya ne ya kashe babanku, kuma 'yar'uwarku Sa'adatu ce ta kawo wayar. A sunan ɗanka na bara, Kabiru, ina kallo ta durƙusa ta gaishe ka, ka amsa mata da ka kawai ka juya. Lokacin da abin ya faru ɗayanku yana Kano, ɗaya yana Kaduna. Labari kuka ji, ni kuwa a gabana aka yi. To ku karanta, ku bar ni in faɗe shi yadda ya gudana.

Kun san babanku, Malam Ɗahiru, mutumin allo da gona ne, amma ransa yana wurin doki. A ƙauyenmu na bayan Runka, tun da na shigo gidan ban taɓa ganin turkensa ba goɗiya ba. Ba dokin ado ba ne, na zuwa kasuwa ne da ziyarar 'yan'uwa a Zakka. Yana kuma da wata ɗabi'a da ya gada wurin mahaifinsa: ba ya sa hannu a abinci sai dabbar da ya ɗaure ta ci. Hujjarsa ita ce shi yana iya tashi ya nema, wadda ke turke kuwa ba ta da abinci sai ta hannunsa. Shekara arba'in ina ɗumama tuwo sau biyu saboda doki. Na yi faɗa, na yi gori, har na taɓa ce masa ranar da na mutu ma sai an ba goɗiya ruwa kafin a yi mini wanka. Ya yi dariya ya ce ai ni ba inda zan je, zan iya jira.

Shekarar da nake ba ku labari, goɗiyar tana da duƙushi ja mai ɗigon fari a goshi, ya kai wata shida, lokacin yaye ya yi. Yayen duƙushi a wurin babanku ba ƙaramin aiki ba ne. Sai a raba shi da uwar, a kai shi inda ba zai gan ta ba, in ba haka ba ya yi ta fizgar igiya har ya ji wa kansa ciwo. Bayan rumbunanmu akwai tsohon ɗakin kakarku, wanda rufinsa ya faɗi bango kaɗai ya rage. Nan ya kafa turke ya ɗaure shi. Da safe ruwa tukuna, sannan harawa, sannan dusa tafi ɗaya da ɗan garin kanwa. Gero kuwa ko ƙwara ba ya ba shi. Ya ce hatsi da wuri yana sa jikin duƙushi ya riga ƙashinsa girma, gwiwoyi su kumbura, ƙafa ta karkace, shi ke nan an ɓata doki har ƙarshen ransa. Kwana huɗu da ɗaure shi ɓarayin daji suka shigo mana.

Da la'asar ne, farkon damina. Ba zan tsaya bayanin wannan yinin ba. Suka kora shanu, suka kwance goɗiyar, mu kuma muka fita ta cikin gonaki da abin da ke jikinmu. Wata a-kori-kura ta kwashe mu a bakin hanya. Mun wuce Runka, kowa yana salati, sai na ji hannun babanku ya damƙe mini gwiwa.

"Rabi, ban kwance shi ba."

"Wa?"

"Yana ɗakin Inna. Ba wanda ya san yana nan. Ko su ɓarayin ba su gan shi ba."

Ya yunƙura zai dira motar tana gudu, sai da maza uku suka danne shi.

Muka sauka a Safana, gidan ƙanena Mudi mai sayar da hatsi a kasuwa. Hanyar ƙauyenmu ta rufe ruf. Babanku ya bi masu babur ɗaya bayan ɗaya yana roƙo, babu wanda ya yarda, kuma ban ga laifinsu ba. Kwana biyu, kwana uku, mako. Kowa ya san abin da ke samun dabba ɗaure a kango ba ruwa, shi kuwa ya fi kowa sani. Sai ya daina cin abinci. Ba rantsuwa ya yi ba, ba fushi yake da kowa ba. In na ajiye tuwo zai wanke hannu, ya yi bismilla, ya yanko loma, sai ta tsaya a hannunsa har ta huce. Limamin unguwar ya zo ya yi masa nasiha, ya tuna masa cewa wanda aka kora da bindiga ba shi da alhakin abin da ya bari.

"Na sani, Liman," in ji shi. "Ni ma abin da zan hwaɗa ma wani ke nan. Maƙogwaron ne ba ya jin karatu."

Ruwa yake sha, sai kurɓin koko in na tsaya a kansa. Ku kanku kun bugo kuna roƙonsa ya taho birni a duba shi, ya ce daga Safana ba ya ƙara nisa ko taki ɗaya. Abin da ban gaya muku ba shi ne abin da yake yi da azahar. In rana ta take gari ya yi tsit, kaji sun shige inuwa, sai ya karkata kai wajen yamma ya ɗaga mini yatsa alamar in yi shiru. Ya daɗe a haka, sannan ya tambaye ni ko na ji. Ni ba mai camfi ba ce, shekara talatin ina karantar da matan aure ina hana su zuwa wurin 'yan duba. Ban taɓa jin komai ba. Amma na fara tsoron azahar, har nakan ƙirƙiri daka don kawai a samu ƙara a gidan.

Ana haka Sa'adatu ta zo daga Katsina, inda take aiki a kantin magani. Ta ga uban ta fashe da kuka, ya ce ta bari. Tana zaune gefen tabarmarsa tana masa fifita, sai aka yi haniniya a cikin jakarta. Siririya, irin ta duƙushi mai neman uwa. Mutumin da ya yi makonni ba ya tashi sai an tallafe shi, sai ga shi zaune cak. Ni kuwa ludayin da ke hannuna ya faɗi.

"Baba, yi haƙuri, wayata ce," in ji ta. "Wani wasa ne nake yi in babu masu saye."

"Mu gani."

Ta yi masa bayani. Wasa ne da mutane ke shiga daga ko'ina a duniya. Ana ba ka duƙushi ka raine shi har ya zama doki, kullum ka shiga ka ba shi ruwa da abinci, ka share masa jiki. A saman hoton akwai wasu layuka, in ya ƙoshi su yi kore, in yana jin yunwa su koma ja. Ya ce ta samo masa nasa. Ta danna nan ta danna can, ta ce wasan da kansa yake zaɓo wa mutum. Sai ga duƙushi ya fito tsaye a fili, ja, da ɗigon fari a goshi. Ku sani Sa'adatu ba ta taɓa ganin namu ba, an haife shi bayan zuwanta gida na ƙarshe, kuma babu wanda ya siffanta mata shi. Ta dubi fuskata ta ce Inna lafiya, na ce lafiya lau. Babanku ya kai wayar dab da idonsa.

"Wa ya kwance shi?"

"Baba, a nan ba a ɗaure su."

Ya gyaɗa kai. Ta nuna masa bokitin ruwa da damin ciyawa da buhun hatsi. Ya taɓa ruwan tukuna, ya jira duƙushin ya ɗago kai, sannan ya taɓa ciyawar. Layukan suka koma kore. Ya ajiye wayar a kan cinyarsa ya yi ajiyar zuciya.

"Rabi, da sauran tuwon nan?"

Na ruga madafa har ina tuntuɓe da turmi. Ranar ya cinye malmala guda, ina tsaye bayan ƙofa ina kuka ina gode wa Allah.

Sa'adatu ta bar masa wayar ta koma da ƙaramar tata. Kusan wata uku muka yi a haka. Da hantsi Mudi zai karɓo ta daga wurin masu caji, babanku ya ba duƙushinsa ruwa da ciyawa, sannan ya karya. Da yamma haka. Kuma ku zo ku ga rigima, tsoho da waya. Wasan kullum sai ya ɗago masa buhun hatsi yana walƙiya, wai in ya ba shi zai yi saurin girma. Sai ya ja tsaki ya ture.

"Wanda ya yi wanga abu ko bai taɓa kiwon doki ba, ko gwada ni yake. Hatsi ga ɗan wata shida? In ƙahwahunsa sun karkace shi za ya gyara mani?"

Ya yi ƙiba, ya koma zuwa masallaci da ƙafarsa, har wasu magidanta suka fara zuwa zaure ɗaukar karatu wurinsa. Sauraron azahar ya ɗauke gaba ɗaya. Ya kamata a ce hankalina ya kwanta, amma akwai abin da ban so ba. Kafin ya taɓa wayar yakan yi wannan ƙarar da harshe da yake kiran dawakinsa da ita, kuma duk lokacin da ya yi, duƙushin sai ya waiwayo. Na gaya wa Sa'adatu, ta ce haka aka yi shi, yana waiwaye da kansa lokaci-lokaci. Ran nan babanku yana alwala na ɗauki wayar na gwada. Na kira, na sake kira, na jira har hannuna ya gaji. Duƙushin yana tsaye ya ba ni gefe, kansa a sunkuye, ko kunne bai motsa ba. Na ajiye ta na goge hannuna da zane, ban san dalili ba.

Gab da kaka aka wayi gari an katse layukan waya a yankinmu gaba ɗaya, aka ce don a toshe wa ɓarayi hanyar magana. Babanku ya buɗe wasan, babu fili babu duƙushi, sai wani zobe yana ta juyawa a tsakiyar baƙin gilashi. Ya fita ƙofar gida ya ɗaga wayar sama. Ya je bakin kasuwa. Na same shi ya hau tsanin Mudi, tsoho mai shekara saba'in, hannu ɗaya a sama. Da ya sauko na ajiye masa abinci, ya wanke hannu, ya yanko loma, ta tsaya. Muka koma inda muka fito, sai dai wannan karon jikin ba shi da abin da zai ƙona. A kwana na tara a zaune ya yi sallar asuba, kuma da azahar ɗin ranar da ta gabata na ga yatsan nan ya sake tashi.

Mutane sun gano cewa in aka bi ta Batsari aka miƙe hanyar Katsina, akwai wani tudu da layi ke kamawa. Na ce wa Mudi ya zauna da Malam, na ɗaure wayar a bakin zane na shiga mota. Da muka isa na ga abin da ban taɓa gani ba. Mutane sun fi ɗari a kan tudun, tsaye cikin rana, kowa hannu a sama ko ido a tafin hannu, kuma wurin shiru sai ƙus-ƙus. Na samu gindin wata bishiyar bedi na zauna, na danna inda na saba ganin yana dannawa. Zoben ya juya, ya juya, sai fili ya buɗe. Layukan sama duk sun yi ja wur, babu ɗigon kore. Na shirya ganin haƙarƙari ko gawa. Sai ga shi tsaye, jikinsa yana sheƙi, ya fi yadda na san shi tsawo, gezarsa ta zubo, yana kaɗa wutsiya. Kwana tara ba ci ba sha, ya ƙara girma. Ban kira shi ba, ban yi motsi ba, ya juyo a hankali ya dube ni. Na yi a'uziyya, na ba shi ruwa, na ba shi ciyawa. Wata mata da ke kusa da ni ta ɗaukar mini hotonsa a wayar, sannan na kira Sa'adatu na gaya mata komai.

"Inna, haka wasan yake, ba sa mutuwa. Amma don Allah kar ki gaya ma Baba. Hoton ma kar ki nuna mashi. Ki ce kin same shi ya rame, kin ba shi ya ci, za ki riƙa zuwa kina ba shi. Ni ma zan shiga daga nan in riƙa ba shi."

"Ƙarya kike koya mani? Ni da na haife ki?"

"Inna, Baba yana ci ne don yana ganin ran wani na hannunsa. In ya gane ba a buƙatarsa..."

"Ke, rufa mani baki. Mutum yana mutuwa don tsoron dabba za ta mutu, na samo mashi albishir cewa ba ta mutuwa, ki ce in ɓoye?"

Na kashe wayar tana cikin magana. Gaskiya zan faɗa muku, ba tsoron Allah kaɗai ya hana ni bin shawararta ba. Akwai girman kai. Na yi shekara arba'in da mutumin, ban ga yadda yarinyar da na goya za ta fi ni sanin shi ba. Kuma a cikin raina na gaji da abin nan, ina so in raba shi da shi.

Na iso Safana bayan la'asar, ko mayafi ban cire ba na durƙusa gabansa na miƙa masa hoton. Na ce Malam kwantar da hankalinka, ga shi nan lafiya lau, ko shekara ya yi ba a ba shi komai ba babu abin da zai same shi, ka ci abincinka. Ya karɓa ya daɗe yana kallo. Ya sa yatsa ya auna ƙafafun, ya auna wuyan.

"Kwana nawa ke nan?"

"Tara."

"Ba ruwa?"

"Ba ruwa, Malam. Ka ga ikon Allah."

"Kuma ya girma."

Ya kife wayar a kan tabarma, ya ture ta da bayan hannu har ta bar gabansa.

"To ba shi ba ne," in ji shi a hankali. "Wata uku ina ba wani abinci. Shi yana can yana jira."

Na ce wane irin jira bayan wata huɗu, ka yi istigfari. Bai yi mini gardama ba. Ya ce in kawo tuwo. Ya ci malmala biyu, ya sha fura, har ya tambayi Mudi yadda gero ya yi a kasuwa. Na kwanta ina jin na yi nasara, ina ma tsara yadda zan yi wa Sa'adatu gori. Ban gane guzurin tafiya yake ci ba. Da safe ya tafi masallaci bai dawo ba. Mudi ya duba garken awakinsa ya ga babu damin harawa guda da bokiti. Wani mai babur ya ce ya kai shi Runka, yana tsammanin wurin dangi zai je, daga nan aka ga ya miƙi hanyar gonaki da dami a ka.

Sai da aka kwana biyar Mudi ya samu shiga ƙauyen, tare da 'yan sa-kai da wasu da za su duba geronsu. Sun sami babanku a ɗakin kakarku, zaune ya jingina da bango, carbi a hannu. Babu rauni a jikinsa ko ɗaya. Can suka yi masa sutura suka binne shi bayan rumbuna, don ba halin ɗauko shi. Da Mudi ya dawo na tsare shi na ce ya faɗa mini abin da ya gani, kada ya rage. Ya ce turken yana nan, babu igiya, babu ƙashi ko ɗaya, wataƙila kuraye ne suka kwashe. Bokitin yana gaban turken, babu ruwa a ciki. Harawar an baza ta a ƙasa, an ci fiye da rabi. Na ce sai kuma me? Ya ce an yi yayyafi kwana biyu kafin su je, ƙasar tana da laushi, kuma akwai sawun kofato sabo kewaye da turken, ƙanana, ba su wuce na ɗan wata shida ba.

"Jaki ne, Yaya," in ji shi. "Jakunan ɓarayi na yawo ko'ina."

Mudi ya yi shekara ashirin yana ɗora buhu a bayan jaki, ya san sawunsu sarai. Yana faɗin haka idonsa yana ƙasa. Ban sake tambayarsa ba, shi ma bai sake tayar da maganar ba har yau. Allah kaɗai Ya san abin da ya ci harawar nan, kuma ni na bar Masa.

Ranar addu'ar bakwai kuka iso, kuka ji labarin wasa da waya, kuka tsare Sa'adatu a tsakar gidan Mudi. Nura, kai ka ce mata ta ɗauko aljanin Turawa ta sa wa tsoho a hannu. Ina ɗaki cikin takaba, ina jin kowace kalma. Ina jira ta ce ku tambayi Inna abin da na gaya mata, ba ta ce ba. Ni ma ban fito ba. Wayar da kuke tsine wa ita ta ba ku ubanku wata uku, ni na karɓe shi da bakina cikin yini ɗaya, bayan an gargaɗe ni. Ajali na Allah ne, na sani, ina karantar da haka. Amma in sai kun ɗora wa wani sanadi, ba a kanta yake ba.

Watan jiya da ta zo kawo mini maganin hawan jini na kasa daurewa. Na riƙe hannunta na tambaye ta me ya sa duk shekarun nan ta bar 'yan'uwanta suna mata kallon wadda ta kashe ubanta, alhali kalma ɗaya ta ishe ta. Ta ci gaba da jera mini ƙwayoyin a faranti, na safe daban, na yamma daban.

"Inna, sun rasa uba," in ji ta. "In bar su su rasa uwa kuma?"

Ba ta san ina rubuta wannan ba, kuma da ta sani da ta hana ni. Ni na shirya ɗaukar duk abin da za ku ji a kaina bayan kun karanta. Abu ɗaya nake roƙo: kada ɗayanku ya zo gaishe ni sai ya fara biyawa ta Katsina.